Kyandir ɗin Paraskiva a Akwatin Matattu

A ƙauyenmu na Runku har gobe akwai masu rantsuwa cewa taubashiyata Paraskiva ta kashe mijinta da kyandir guda, da ta ga ba mai faskara mata itace sai ta kunna wani ta dawo da shi. Wasu ma sun ƙara da cewa ya dawo da ƙasar kabari a kunne. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙasar da ke kunnen Ilarie tun ranar aurensu take nan, kuma Paraskiva ba ta taɓa kashe kowa ba, ko da yake harshenta ya sha raka mutane har bakin rami.

'Yar kawuna ce, kuma da zargi aka haife ta. Tana jaririya sai ta shinshina nono kafin ta kama. In ka ce mata ta yi kyau, za ta tambaye ka me ka zo ara. In ta sayi cuku sai ta leƙa ƙarƙashin ma'auni. Ilarie kaɗai ta yarda da shi, shi ma don ba ya magana ne: mai saran itace a dajin kan dutse, wanda in ya gaishe ka ya gama hirar mako. Coci kuwa ba ta fashi, da baƙin ɗankwalinta da azuminta, amma rabin zuwan don ta ga wa ta yi sabon takalmi ne da kuɗin wa.

Shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri, ruwa ya gangaro daga dutse ya kwashe gada, ya haɗa da bukkar masu saran itace. Abokan aikin Ilarie suka sauko ɗaya bayan ɗaya, taɓo har wuya. Shi bai zo ba. Ba wanda ya ga ruwa ya ci shi, ba wanda ya ga ya tsira. Mazan gari suka hau nema.

Tsoro ya kama Paraskiva, kuma da yake ita ce, sai tsoron ya koma zargi. In mata suka yi shiru da ta iso rijiya, to sun san wani abu. In suka ci gaba da hira, to suna rufewa ne. Maƙwabciyarta Varvara, wadda aka ce Ilarie ya taɓa rakawa gida daga wajen rawa tun suna ƙuruciya, ta sayo alkama da zuma, Paraskiva ta tare ta a hanya.

"Wa za ki dafa wa alkamar matattu?"

"Uwata mana, 'yar'uwa. Asabar take cika shekara da rasuwa."

"Uwarki ta iya zaɓen lokaci."

Kowace safiya tana zuwa coci. A bakin ƙofa akwai akwatunan ƙarfe biyu cike da yashi inda muke kafa kyandir, na dama na rayayyu, na hagu na matattu. Haka muka taso muka tarar, ba mai duba rubutun da ke jikinsu. A dama take kafa na Ilarie, ta yi alamar gicciye, ta tsaya gadi kada wata ta taɓa. Rannan kyandir ya suɓuce mata, ta sunkuya ɗauka, idonta ya faɗa kan rubutun da hayaƙi ya kusa shafewa. Karatunta bai fi nawa ba, amma wannan kalmar kowa ya san ta daga maƙabarta. Akwatin dama na matattu ne.

Ashe tun ranar da ruwa ya zo, ita da hannunta take sa mijinta cikin matattu, kullum, har da addu'a a kai. Ta ji kamar ita ta danna kansa cikin kogin.

Ta iske Fada Onufrie, limamin cocinmu, a bayan coci yana cin burodi da albasa.

"Fada, wa ya juya akwatunan nan? Varvara ce ko? Ita ke sharar ƙofa."

Tsohon ya taso, ya sa tabarau, ya duba, ya daɗe yana sosa gemu.

"Kafin bikin Ista muka fitar da su aka yi wa bango fenti," ya ce. "Ni da mai kaɗa ƙararrawa muka mayar. Ga mai laifinki a gabanki."

"To kun kashe mini miji."

"Ɗiyata, tun Ista duk Runku haka suke yi. Ni kaina na kunna wa marigayi mahaifina a na rayayyu, har yanzu bai zo ya karɓi gonarsa ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta kafe shi da ido. "An gan shi, kuna ɓoye mini. Shi ya sa kake mini wasa."

"Ban sani ba ko yana raye. Da na sani, wa ya isa ya ɓoye miki abu a garin nan? Amma faɗa mini, da kike kunnawa, sunan wa kike kira?"

"Ilarie."

"Wa kike kira masa?"

"Yesu Almasihu."

"To Shi ba jikin akwati yake karantawa ba. Ya shiga kabari ya fito, babu ɓangaren da ba nasa ba ne. Duk inda Ilarie yake a yanzu, a hannunsa yake. Ba a naki ba, ba a na Varvara ba."

Paraskiva ta tsaya tana juya maganar, tana neman inda aka ɓoye dabara, yadda take yi wa kowace magana tun da ta zo duniya. Bai yi mata alkawarin komai ba. Bai ce mijinta zai dawo ba. Ta nema ta rasa abin da zai ci da ita. Nan ta zauna a kan dakali ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar ruwa, tana cewa, "Ubangiji, riƙe shi, ni na kasa." Tsoron bai tafi ba, sai dai ya yi sauƙi.

Da ta share ido, ita da Fada suka ja akwatunan suka mayar daidai. Ta koma gida ta tuƙa tuwon masara tukunya guda, ta barbaɗa cuku, ta kira Varvara ta kama mata su kai wa masu nema. Gaskiya a hanya tana lura da hannun Varvara kada ta gutsura, amma dai ta kira ta. Kullum haka, tana tsaye a bakin kogi, tana ce wa mazan su ci su koma, duk abin da suka samo ita za ta fara gani, kada a ɓoye.

A bayan tsauni aka same shi, a garken wani makiyayin tumaki, ƙafa a karye, kogi ya raba su da gari. Da aka shigo da shi a keken doki ya tambaya ko an ba dokinsa ciyawa. Ita kuma ta rungume shi, sannan ta ja baya ta tambaye shi wace ce ta ɗinke masa hannun riga.

Ranar walimar godiya na matsa kusa da ita na ce, "Uwar zargi, an ce kin jiƙa wa Fada riga da hawaye sai da mutum biyu suka matse. Ashe ke ma kina jin tsoro?"

Ko kallona ba ta yi ba, tana zuba wa mijinta miya.

"Na ji tsoro don ina da wanda zan rasa," ta ce. "Kai ranar da ka ɓata, matarka a tsakanin akwatunan za ta kafa naka, ta ce Ubangiji ya zaɓa, ita ba ta gaggawa."