Baba Alhassan, wa zai nemo min Nomau?

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Afrilun 2019, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Alhassan, tsohon direban hanyar Dirku, a gidansa da ke Agadas. Ni Ramata, maƙwabciyarsa mai tuwo a tasha, na rasa bangon jingina.

Baba, kowa ya san halinka. Ba ka taɓa tayar da mota ba sai ka ɗaga bidon ruwan kowane fasinja ka ji nauyinsa. Wanda nasa bai cika ba, ka yi masa faɗa kamar ka cinye shi, sannan ka cika masa daga naka.

Da dokar hana ɗaukar baƙin haure ta zo, direbobi suka koma kauce wa rijiyoyi, don a nan jandarmomi ke jira. Kai ka ce, "Gara gidan kaso da in zubar da 'ya'yan mutane a rairayi." A bakin rijiya suka kama ka, suka ƙwace motar. Ka fito daga kaso ba sana'a, kasuwarmu ma ta mutu, amma duk motar da ta ɓace kai ake bugawa ƙofa. Ka shiga motar aro, ka bi sawu, ka dawo da masu sauran numfashi. Waɗanda ka tarar sun riga sun cika, ka yi musu sutura ba ka tambayi ƙasarsu ba.

Ƙanena Nomau ya gaji da zaman banza, ya bi wani sabon direba zuwa Libiya. Ka hana, bai ji ba. Wayarsa ta daina shiga, motar kuma ba ta isa Dirku ba. Na same ka kwance da zazzaɓi, ka ce, "Share hawayenki, 'yata, ina miƙewa zan fita."

Ga shi an fita da kai a makara. Na roƙi direbobi har muryata ta dishe, kowa na tsoron a ce da hannunsa a ɗaukar baƙi. Wallahi Baba, ban san wanda nake wa kuka ba, kai ko shi.

Ina yi wa matarka Inna Fulera da 'ya'yanta ta'aziyya. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ya Allah, idan Nomau na da rai, ka tura masa wani. Idan babu, ka tura wanda zai rufe shi.