Hatimin Injin da Na Ɓalle

A lokacin da abin ya faru ni bakanike ne a wata warsha, wato garejin gyaran mota, da ke hanyar Jidda. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, kuma ina ji da kaina a gyaran mota. Ina da amini tun yarinta wanda ke tuƙa bas ɗin alhazai a lokacin Hajji, sauran watanni kuwa ba shi da zance sai tseren mota, irin wanda ake jera motoci biyu a gajeriyar hanya miƙaƙƙiya a ga wadda za ta riga kaiwa.

Rukunin da ya shiga yana da doka guda mai tsauri. Kowa inji iri ɗaya yake sawa, wanda ke zuwa daga kamfani a cikin akwatin katako, an ɗaure kusoshinsa da waya an buga hatimin darma. Ba a yarda a buɗe shi ba, don a bar hannun direba ya raba gardama. A ƙarshen gasa aminina yakan zo na uku, wani lokaci na biyu, kuma ni ya ba amanar motar. Wata rana na yanke wayar, na rage kaurin kan injin don ya ƙara ƙarfi, na ƙera hatimi mai kama da na asali na mayar. Ban gaya masa ba. Na ce wa kaina taimako ne, amma gaskiya so nake in ga aikin hannuna ya ci.

Sau uku a jere ya zo na ɗaya. Har rago ya yanka, yana cewa ashe haƙuri ne ya rage masa a wajen tashi a farkon tsere. Bayan na ukun masu duba motoci suka ce za su buɗe injin. Ya rantse da Allah a gabansu cewa ba wanda ya taɓa shi, ya juyo ya ce in shaida. Na gyaɗa kai. Cikin ɗan lokaci suka gane, suka soke nasarorinsa, suka kore shi daga rukunin. Mutane suka ce shi ne macucin.

Sai bayan wata biyu na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce korar ba ta dame shi kamar rantsuwar da na bar shi ya yi ba, kuma yanzu ba zai taɓa sanin ko da kansa zai iya ci ba. Ya yi azumin kaffarar rantsuwa na kwana uku, duk da malami ya ce ba laifinsa ba ne. Har yau muna gaisawa a masallaci, amma wani ke gyara masa mota.

Na koyi cewa alherin da ba za ka iya faɗa wa mai shi ba cin amana ne. 'Yan'uwana masu sana'ar hannu, in an ba ku abu aka ce ga iyaka, ku tsaya a nan, domin ranar tonon asiri wani ne zai tsaya a gaba ya sha kunyar.