Ranar da Alhusaini ya yi wa jirgi rami

Alhusaini mutumin Karofane ne, amma a Madawa ya yi yawancin rayuwarsa. Haƙar rijiya ya gada a wurin kawunsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya jin magana sosai da kunnen hagu tun ranar da ƙasa ta rufta masa a wata rijiya kusa da Bangi, aka jawo shi da ƙafa. Daga nan ya daina yarda da ƙasar da bai taɓa da hannunsa ba. In aka kira shi aiki, kafin ya kafa dagi sai ya dumbuzo ƙasar ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Matarsa Cima takan ce mijinta ya fi sanin halin yashi da na mutane, shi kuwa bai taɓa musa mata ba.

A ƙarshen daminar 1938 ne abin jirgin ya faru. Bayan garin Madawa akwai wani fili da Nasara suka sa aka share, aka tone kututture, aka baje suri, don ko jirgin sama ya matsu a hanyarsa ta zuwa Damagaram. Ba a cika sauka a kansa ba. Ran nan da hantsi wani jirgi mai ɗauke da fasinja takwas ya sauka, wai injinsa ɗaya na zafi. Injin bai ba su wahala ba. Tayar hagu ce, wadda ta riga ta cinye har zare ya fito, ta fashe wajen saukar, jirgin ya karkata ya tsaya a gefen fili inda ƙasa ke da taushi. Ba wanda ya ji ciwo. Aka kwashe fasinjan zuwa gidan kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, aka buga waya, bayan kwana uku kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo sabuwar ƙafa da tayarta.

Makanisen jirgin, wani Banasare dogo mai ƙunar wuta a hannu, ya sa kirik, ƙarfen nan na ɗaga mota. Da ya fara murzawa sai kirik ɗin ya nutse. Ya sa katako a ƙarƙashi, katakon ya tsage. Ya sake sa biyu, suka nutse tare. Kumandan ya ce a tattaro maza arba'in su ɗaga da kafaɗa. Gardawa, dogaran kumandan, suka bi unguwa unguwa, suka sami Alhusaini yana gyaran bakin rijiyar kasuwa, suka tasa shi gaba da daginsa a hannu.

Da mazan suka jeru ƙarƙashin fiffike, makanisen ya hana. Ya buga fiffiken da yatsa don kumandan ya ji yadda ba shi da kauri. Suka yi ta gardama da Faransanci, mutane na tsaye cikin rana. Alhusaini ya tsuguna kusa da ƙafar da ta fashe, ya dumbuzo ƙasa ya murza. Ya matsa gaba kaɗan, ya soka dagi, ya ji inda ya tsaya. Sannan ya je wurin tafinta, wani mai suna Jima.

"Malam Jima, ka hwaɗa musu ba sai an ɗaga shi ba. A tokare shi inda yake, a ɗebe ƙasa ƙarƙashin ƙahwar."

Jima ya dube shi. "Baba, kai ka san jirgi?"

"Ban san jirgi ba. Amma kamu huɗu ƙasa da nan akwai marmara. Yashin nan sama kawai yake."

Jima bai so ya kai maganar ba, don in ta ɓaci shi za a tuhuma. Makanisen ne ya lura da dagin da ke tsaye cikin ƙasa, ya zo ya tambaya. Alhusaini ya zana masa da yatsa a yashi: ga ƙafa, ga tokari, ga rami. Mutumin ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya gyara inda tokarin zai zauna, ya nuna wani ƙarfe mai kauri a saman ƙafar, ya ce nan kaɗai zai ɗauki nauyi.

Alhusaini ya aika aka ɗauko masa guntayen kirya da yake ɗaure rijiya da su, da falalen duwatsu. Ya fara haƙa wa tokarin nasa gurbi har ya kai marmara, ya shimfiɗa dutse, ya jera itacen gicciye, biyu bisa biyu, har suka taɓa ƙarfen, ya buga tsinke ya matse. Sai ya koma wa ƙafar. Bai bari kowa ya shiga ba. Da ƙwarya ya riƙa ɗibar ƙasa yana miƙawa, kuma duk inda gefen ramin ya nuna zai zube wajen tokarin, sai ya kafa itace ya tare shi. Da ƙasar ƙarshe ta bar ƙarƙashin tayar, itacen ya yi ƙara, jirgin ya sauka kamar faɗin yatsa, ya tsaya. Alhusaini bai ji ƙarar ba, kunnen hagu ne ke wajen. Ya dai ga mutane sun ja da baya, ya ci gaba da haƙa.

Makanisen ya shiga ramin, ya zare wani ɗan ƙarfe, ya kwance babban noti, shi da Alhusaini suka jawo tsohuwar ƙafar. Ya wanke sandar da fetur, ya duba ta a rana, ya shafa mata sabon mai. Sabuwar ƙafar ta ƙi shiga da farko, ramin ya gaza, Alhusaini ya ƙara rabin kamu. Da ta zauna, aka ɗaure, aka cusa tsakuwa a ƙarƙashinta, maza suka yi ta karɓa-karɓa a kan famfon iska. Tayar na cika tana karɓar nauyi, har tokarin ya saki da kansa, aka zare itacen da hannu. Saura fitarwa daga rami. Alhusaini ya sassaƙe gaban ramin ya zama gangara, ya jera dutse, aka ɗaura igiyoyin rijiya a ƙafafun biyu, mazan nan arba'in suka ja. Kafin la'asar jirgin na tsaye a tsakiyar fili. Washegari ya tashi.

Makanisen ya bar wa Alhusaini tsohuwar tayar. Ya kai wa baduku, aka yanka musu takalma shi da Cima, sauran ya raba wa maƙwabta.

Abin da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba. Kumandan ya riƙe sunansa. Da aka tashi haƙa rijiyoyi a kan hanyar mota, shi aka fara aika wa gardi. Rani uku a jere ya yi yana bin hanya, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka, gonarsa kuwa Cima da ƙannenta ke shuka ta. Bai yi ƙorafi a gaban mutane ba. Sau ɗaya dai ya ce wa Cima da ya sani da ya tsaya cikin layi ya yi shiru kamar kowa. Ta ce ai ba zai iya ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka sake shi. Ya koma haƙa wa manoman albasa a fadama, inda ruwa ke kusa, don gwiwoyinsa sun daina yarda da zurfi. Rijiyarsa ta ƙarshe a Ibohamane ya fara ta, wajen wasu makiyaya da suka daɗe suna roƙonsa. Ya kai gaba bakwai zazzaɓi ya kama shi. Suka ɗora shi a raƙumi suka kai shi gidan 'yarsa Hasana a Karofane, can ya rasu a kakar 1949. Wani Ba'adare, mutumin ƙasar Adar, da ya taɓa yi masa aiki ne ya ƙarasa rijiyar, ya sami ruwa a gaba tara.