Ginshiƙin Shagon Yaya

A gidansu kowa ya san ba a jin daɗin zuwa taro da ita. Mutane na gaisawa, ita idonta na sama tana duba inda rufi ya hau bango, a dawo gida ta ce zauren nan an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Injiniyar gini ce, irin waɗanda ba ruwansu da fenti ko tayil. Aikinta ta lissafa rodi da kankaren da za su ɗauki bene. Tun rasuwar mahaifinsu yayanta ne ya riƙe ta, ya tsaya mata har ta gama karatu, ko da yake bai taɓa gane abin da take yi ba. In an tambaye shi sai ya ce zanen gidaje take yi.

Babban aikin da aka fara damƙa mata bene ne mai shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Irin wannan gini tun a takarda rigima ne. Mai shago fili yake so, na sama kuwa ɗakuna yake so da bango da tankin ruwa, kuma duk nauyin nan ta ƙasa zai bi. Mai ginin ya yi ta matsa mata har ta rage ginshiƙai iyakar abin da zai yiwu, waɗanda suka rage kowanne kaya ya kai masa wuya. Da aka gama, ita da bakinta ta roƙar wa yayan nata shagon da ke kan kwana, ya zuba firji da injin wanki.

Shago ya karɓe shi. Wata rana ta biya gaishe shi, ta tarar ginshiƙin tsakiyar shagon ya rame. An lulluɓe shi da madubi gwanin kyau, ga wani ƙaton firji ya shige tsakaninsa da bango cif. Yayan ya yi mata bayani yana fara'a: abin da ya hana firjin shiga bai fi tafin hannu ba, sai ya kira birkila ya sassaƙe gefe guda, aka yanke 'yan siraran rodin da suka zagaye shi. Manyan ai ba a taɓa su ba.

Ta sa aka cire madubin. Tsaga ta riga ta fara hawa. A kan ginshiƙin nan akwai ɗakin wata tela da 'ya'yanta, a samansu kuma wani tsoho da matarsa.

Yayan ya ja ta bayan firji ya ce ta rufa masa asiri, a shafe wurin da siminti, kada mai gini ya ji.

"Ban taɓa roƙonki komai ba," in ji shi.

"Yaya, mutane ne a kansa."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma a gabansa ta kira mai ginin. Aka sauko da mutanen sama da ƙunshin kayansu, aka tokare rufin da ƙarafa, aka rufe shagon. Bayan gyara mai ginin ya ba wani wurin. 'Yan haya suka koma suna mitar an wahalar da su a banza, tunda ai ba abin da ya faɗi.

Ta ci gaba da aikinta, benayenta suna nan tsaye a gari. Yayan kuwa rumfa ya samu a wata unguwa, yana sayar da tsofaffin firji. Ba su yi faɗa ba, ko kalma mai zafi bai taɓa gaya mata ba. In ta je, tashi yake yi ya kakkaɓe mata kujera, ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya."

Tun tana rarrafe Auta yake ce mata.