Talabijin a Gaban Direba

Abin da na fara gani da muka shiga tashar Kafanchan shi ne wayar rataye riga, an lanƙwasa ta an ɗaure a jikin madubin wata ƙaramar bas. Lahadi ce da yamma, ina aji biyu na sakandare, zan koma makarantar kwana ta hanyar Gidan Waya. Da na matsa kusa sai na ga inda wayar ta nufa: wata 'yar talabijin mara kala, an ɗaure ta da roba kusa da sitiyari, an jona ta da batirin mota.

Mutane har turereniya suke yi don su shiga motar. Mamata ta damƙa ni a hannun wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon hedimasta, wanda shi ma hanyar zai bi. Da yake ba ni da jiki, aka cusa ni gaba, tsakaninsa da direba.

"'Yar makaranta, yau ka shiga silima kyauta," in ji direban, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. Na sunkuyar da kai. A lokacin ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale.

A cikin gari talabijin ɗin ba ta nuna komai sai yayyafi da shuu. Ashe sai mota ta hau tudu hoto ke fitowa, kuma a hanyar nan kusan kowane tudu da kwana a bayansa. Kokawar Turawa ake nunawa. Na baya suna miƙo wuya, suna ihu, "Direba, juya waya! Ya fito! Ya tafi!" Shi kuma ya zura hannu ɗaya ta taga yana murɗa wayar, ɗayan a kan sitiyari.

Ni idonsa nake kallo. Ya dubi hanya, ya dubi hoto, ya dubi hanya, sannan ya daɗe a kan hoto. Na ga allurar gudu tana hawa. Na ga gumi a bayan kunnensa. Na dubi hedimasta ko zai yi magana, sai na ga ya gyara tabarau yana murmushi.

Bayan mun wuce Kagoro, a kan wani tudu, hoton ya fito tar. Wani ƙato ya ɗaga wani sama, motar ta ɗauki sowa. A gefen titi, can kan jar ƙasa, wata Bafulatana ce ke tafiya da ƙwaryar nono a ka. Na gan ta tun daga nesa. Na ga mun tsallaka ɗaya hannun, tayarmu ta bar kwalta. Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Madubin nan mai waya shi ya doke ta a kafaɗa, ta faɗa cikin kwalbati. Nono ya wanke gilashin gaba.

Aka tsaya, aka sauka. Tana zaune a ƙasa, hannunta na dama ya juya yadda hannu ba ya juyawa, tana kiran sunan Allah a hankali. Direba kuwa wurin madubinsa ya fara zuwa.

"Wannan mata ya shigo mini hanya! Kun gani ai!"

Suka ce sun gani. Mutanen da idonsu ke kan kokawa, duk suka ce sun gani. Wata mai buhun citta ta ce haka suke, ba su san mota ba sai shanu. Hedimasta, wanda ya karanta mana Littafi Mai Tsarki a coci da safen nan, ya ce, "A gode wa Ubangiji abin ya tsaya nan." Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji zuciyata tana tafasa. Ina abin ya tsaya? A jikin wa?

Wani ya ce a kai ta asibiti. Direba ya ce mota cike take, 'yan'uwanta suna nan cikin daji, za su zo. Aka fara komawa ciki. Direba ya goge gilashi da tsumma, ya miƙe wayar da ta lanƙwashe, ya sake ɗaure ta. Sai na ji shuu ɗin nan ya dawo. Ko kashe talabijin ɗin bai yi ba.

Ni kaɗai na rage a ƙasa. Haushinsu nake ji, amma haushin bakina ya fi, don da na yi ihu a kan tudun nan da wataƙila tana kan hanyarta.

"'Yata, shigo mana," in ji hedimasta.

Na riƙe hannun rigarsa. Ban taɓa ɗaga ido na dubi babba ba sai ranar.

"Baba, ba ta shigo hanya ba. Shi ne ya bi ta, ina kallo. Don Allah ka ce masa ya kashe abin nan, a ba ta wurina a kai ta asibiti. Ni zan jira wata motar."