Cikin Bubayero da Allurar Suruki

Duk Toranke babu wanda bai san Bubayero ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don idan ya daka wa sa tsawa a kasuwar Ajingi, har a Gaya sai awaki sun ɗaga kai. A bayan shanu ya tashi. Da kiwo ya yi wuya ya rage garken, ya kama noman gyaɗa da dillancin bijimai, amma kunyar Fulani bai rage mata ko ƙwaya ba. Mutum ne da zai kama ƙahon bijimi ya kayar da shi yana hira, amma da ya hango surukinsa Mus'ab tafe, sai ya faɗa gonar dawa, ko ta wane ce.

Mus'ab shi ne mijin 'yarsa ta fari. A ƙasar Sin ya yi karatu, ya dawo ya buɗe ɗan ɗakin magani a Gaya, yana tsira wa mutane allurai sirara kamar gashin jelar saniya, yana haɗa musu da saiwoyin can. Tunda aka ɗaura auren, ko ruwa Bubayero bai taɓa kurɓa a gabansa ba.

Ruwan ma dama ba shan sa yake ba, wai aikin shanu ne. Abincinsa ƙuli-ƙuli da gurasa da tsire, ganye kuwa ya ce ya bar wa tumaki. Bana da kaka sai ciki ya ce shi ma ya gaji. Ƙofa ta rufe ruf. Ya sha tsamiya, ya sha filasko, sai murɗa kawai. Ciki ya tashi kamar rumbun shekarar albarka, idan ya yi ruku'u sai na kusa da shi ya ji tausayin sahu. Kullum zai ɗauki buta da ƙarfin gwiwa, ya dawo kamar wanda aka kora daga zance.

Matarsa Hanne ta ce ga magani a gida, ya je wurin yaron nan. Ya ce shi ya kwaye wa surukinsa ciki, har ya gaya masa abin da ya ƙi fita? Gara a kai shi makwanci da kayansa. Hanne ba ta yi musu ba. Waya ta ɗauka ta gaya wa Mus'ab wani baƙo na nan tafe daga Kademi, Malam Datti, kuma ba ya son a ga fuskarsa.

Da wannan dabarar ta shawo kan mijinta. Haka Bubayero ya isa Gaya cikin rawani, ya naɗe har hanci, ido kawai a waje. Mus'ab na ganin tafiyar ya soma zame takalmi zai durƙusa, sai ya tuna baƙo aka ce masa, ya mayar da ƙafa ya ce Malam Datti ya shigo. Ya riƙe masa wuyan hannu yana sauraron bugun jini, sannan ya nemi ganin harshe. Harshen ya leƙo ta tsakanin rawani kamar ƙadangare a tsagar katanga, ya koma.

Aka kwantar da baƙo. Allura biyu gefen cibiya, wasu a ƙwauri, wasu a hannu. Bubayero ya runtse ido yana jiran mutuwa, sai ya ji ko cizon cinnaka ya fi su zafi. Can ciki ya fara gurnani kamar hadarin gabas.

Nan Mus'ab ya samu abin da shekara da shekaru bai samu ba, wato bakin magana.

"Malam Datti, tsakani da Allah, babba da kai, ciki ba buhu ba ne. Ruwa za ka sha kamar kowa. Zogale da rama kullum. Ƙuli kuma a sallame shi."

Bubayero ya siranta murya ya ce to. A ransa kuwa ya kayar da yaron nan ya fi sau goma.

Aka ba shi ƙullin saiwoyi masu ɗacin da maɗaci zai gaishe su, aka ce ya dafa ya sha, ya dawo a ƙara allura. Washegari da hantsi Hanne ta ga mutum ya wuce ta da buta, tafiyar da tun yana saurayi ba ta gani ba. Da ya fito har tsayi ya ƙara. Ya koma Gaya wasu lokutan, kullum cikin rawani, kullum Malam Datti, kullum sai an yi masa faɗa ya ce to.

Ranar kasuwar Ajingi suka yi kiciɓis, ga shi babu gonar faɗawa. Mus'ab ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, kai a sunkuye, sannan ya tambayi jikin baƙon nan na Kademi.

Bubayero ya kafa wa wani bijimi ido. "Ya warke sarai. Ya ce yaron yana da hannu. Bakinsa ne dai ya yi kaifi."

"Za a gyara, Baffa. A ce masa dai kada ya bar shan ruwan."

"Yana sha," in ji Bubayero, ya ja igiyar sansa ya yi gaba.