Cokali Guda na Gishiri

"To in Saratu tana so, mi zai hana ta? Ta zauna jarrabawar mana," in ji Zaliha. "Amma kai ma, Talle, duk garin ga ka rasa wanda za ka tambaya sai mai wankin bokiti?"

"Yaya, ai ke kika san makarantar daga ciki."

"Na san ta har bakin ƙofar hita." Ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da goge almakashi da toka.

Muna zaune ne a bayan gidan likita na garinmu, arewa da Affala, inda take aikin shara da wanki da dafa allurai. Ƙanwata Saratu ce ta gama koleji a Tawa, tana son shiga makarantar aikin likita, shi ne baba ya ce in je in ji ta bakin Zaliha. Shekara uku ke nan tana garinmu. Kowa ya san ta taɓa wannan karatun, ba wanda ya san abin da ya raba ta da shi. Ni ma ban tambaya ba. Na dai riƙe mata tire, ita ta fara da kanta.

A wani ƙauye kusa da Kalfu aka haife ta. Ubanta Manzo ya ba da ita lakwal, makarantar boko, ne don ita ce ba ta da ƙarfin jan guga a gidan. Tana da shekara goma sha ɗaya, a 1973, gero ya bushe bai fid da kai ba, ƙyanda kuma ta shigo a kan yunwa. Cikin wata guda ƙannenta uku suka tafi. Na huɗun yana kwance, wuya ya saki, sai ga mota ta tsaya, wata lokotoro ta sauko, 'yar Damagaram, ta durƙusa a kan tabarmarsu ta sa masa ruwa a jijiya. Yaron ya tashi.

"Hausa take yi, Talle, irin ta innata. Hannunta da lalle. Ni da nake zaton sai nasara ke wannan aiki! Tun ranan ban sake son zama wani abu ba."

A Tawa ta yi koleji, a gidan wata gwaggonta. Sai ta yi daka ta ɗebo ruwa kafin ta tafi aji, littafi a buɗe kan turmi, dutse ya danne shi. Ba ta taɓa sauka daga na uku ba. Ranar da aka karanto sunanta cikin waɗanda suka ci jarrabawar shiga makarantar likita, Manzo ya zaga ƙauye gida-gida yana cewa kowa ya daina tsoron ciwo, shi ya haifi lokotoro.

Saura wata huɗu ta karɓi takardarta, farkon 1985, aka turo su aikin gwaji. Damina ta sake ƙi. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare sun taru a wani fili bayan Tawa, bukkokin tabarma da na buhu iyakar ganinka. Soja ke rabon jar dawa, wani hafsa ke riƙe da wurin. Zawo ya kama yara, ƙunshin magani ya ƙare. Majo Ma'azu, tsohon ma'aikacin da ke shugabancin rumfar likita, ya ce mata ta tara matan wurin ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari da kansu.

"Da faransanci munka koye shi," ta ce. "Litar ruwa guda, ƙwayar sukari takwas, gishiri cokalin kafe guda a shafe. Da na zo juya shi Hausa sai na ce a raina, waɗannan bayin Allah ina sunka san kafe? Na yar da kalmar. Na ce cokali guda."

Ta ajiye almakashin.

"Ka san cokalin Buzaye? Na icce, wanda suke shan fura da nono. Tasokalt suke ce mishi. Kunnensu ya ji cokali, ya ji nasu. Ya ci cokalin kafe biyar. Ga ruwa da wuya, wata ko rabin lita ba ta zubawa."

Mata arba'in ta koya wa a wannan makon. A cikinsu akwai Kadidiya, wadda ta zo daga arewa a ƙasa da 'ya'ya biyu. Babban, Alƙasum, shekararsa huɗu, zawonsa ma bai yi tsanani ba. Kwana biyu da fara ba shi ruwan ya shiga jijjiga, ya rasu da hantsi. A wurin nan kullum ana binne yara, ba wanda ya tambayi dalili.

Zaliha ta je gaisuwa. Kadidiya ta riƙe hannunta tana ta godiya da 'yar Hausarta, tana cewa lokotoro ta yi nata, kwana ne ya ƙare. Ta nuna mata akushi, ta ce ga sauran maganin, ƙaramar take ba yanzu. Zaliha ta tsoma yatsa ta lasa. An koya musu kada ya fi hawaye gishiri. Wannan ya fi ruwan jiƙa fata. Sannan ta ga cokalin a gefe. Ta kifar da akushin ta ce ya kwana, ta ruga rumfa.

Majo Ma'azu ya saurare ta har ta gama. Ya daɗe yana murza gemu.

"Ɗiyata, wa ya sani bayan ni da ke?"

"Babu, baba."

"To ya tsaya nan. Gobe ki tara su ki ce an sake awo daga sama. Hafsan ga neman sunan da zai sa cikin takarda yake, ya gaji da a ce mutuwa ta yi yawa a hannunshi. In maganar ta kai mishi, ba ki ganin diplom, takardar gamawa, har abada."

"Baba, gobe rabinsu suna layin dawa. Wadda ta zo ma za ta ce jiya kin ce kaza, yau kin ce kaza, ta koma ga na jiya don ya hi ƙarhi. Sai in sun ji ya kashe yaro za su bari."

"Wata huɗu fa, Zaliha. Ki tuna Manzo."

"Na tuna shi."

Ya ce bai hana ta ba, bai kuma aike ta ba. Da ta juya za ta fita, ya miƙo mata ƙaramin cokalin da yake motsa shayinsa.

Wurin Kadidiya ta fara zuwa. Ta durƙusa a bakin bukka, ta nemi wata mai jin Hausa sosai ta tsaya tsakani, ta faɗi abin yadda yake, ta ce bakinta ne ya yi kuskure. Kadidiya ba ta yi kuka ba, ba ta zage ta ba. Ta jima tana kallon ƙasa, sannan ta yi magana a hankali, mai fassarar ta ƙi juyawa sai da Zaliha ta matsa mata.

"Cewa ta yi, yaron ya gaya mata yana da ɗaci. Ita ta toshe mishi hanci ta ɗura."

Akuyar majon garinmu, shugaban gidan likitan, ta zo inda muke zaune tana lasar tokar, ba wanda ya kore ta.

Kwana biyu ta yi tana bin bukkoki, tana maimaita maganar a kowace ƙofa, tana nuna awo da yatsu uku tun da ba mai ƙaramin cokali. Ta sami mata talatin da shida. Huɗu sun riga sun tashi, ba ta san inda suka nufa ba, ba ta kuma san abin da suka ci gaba da ba 'ya'yansu ba. A rana ta uku hafsan ya kira ta, ya sa ta sa hannu a takarda, aka ɗora ta a bayan motar dawa. Wasiƙar kora ta riga ta isa makaranta. Tun daga nan Manzo ya bar zama bakin masallaci bayan la'asar, har ya rasu.

"'Yar Kadidiya fa?" na ce.

"Ta rayu. Ranar da anka tafi da ni na hango ta tana rarrafe. Uwar ta gan ni, ta juya baya. Ni ma da haka zan yi."

"Ba a iya sake zama jarrabawar, Yaya?"

"Sau uku ina rubutawa. Biyu ba amsa. Ta ukun ta zo watan jiya, da hatimi da komi. Sun ce shekaruna sun wuce."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin kasuwa. Na ce Allah ya sa haka shi ne alheri. Ta ce amin.

Daga ciki majon garinmu ya ƙwala kira, wai an kawo yaro ya taka kara, a zo a riƙe masa shi. Zaliha ta karɓi tiren daga hannuna, ta zuba almakasan cikin tukunyar da ke tafasa, ta ɗauraye hannu da sauran ruwan buta.

"Ka gaida baba," ta ce. Ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga, ina jin muryarta tana lallashin yaron tun daga bakin ƙofa.